Malam Sa'adu Zungur: Malamin da ya koya wa talakan Lardin Bauchi tambayar hukuma

Duk ɗalibin da ya tashi daga Azare ya nufi Gadau domin karatun jami'a a yau, sunan Malam Sa'adu Zungur ne zai fara tarbarsa a bakin ƙofa, tun bayan da gwamnatin Jihar Bauchi ta raɗa wa jami'ar jihar sunansa a zamanin Gwamna Bala Mohammed. Akasarin masu bi ta wannan ƙofa sun san shi a matsayin marubucin waƙoƙi, wanda ake nazarin baitocinsa a darasin Hausa. Kaɗan ne suka san cewa tun a 1943, lokacin da babu jam'iyyar siyasa ko ɗaya a Arewa, shi da wasu tsirarun malaman makaranta suka kafa ƙungiyar 'yan ƙasa a garin Bauchi domin bin kadin haƙƙin talakawa. Abin da suka sa a gaba shi ne a faɗa wa jama'a inda harajinsu yake tafiya, da dalilin da ake ɗibar 'ya'yansu aikin tilas, da ma'aunin da ake biyan masu mulkinsu da shi.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Ahmad Mahmud Sa'adu a birnin Bauchi a wajajen shekarar 1914, a gidan malamai da limamai. Mahaifinsa, Malam Muhammadu Bello, yana cikin manyan malaman garin, don haka yaron ya buɗe ido ne a tsakanin allo da littattafan fiƙihu da nahawu. Wannan tushe ya yi masa rana daga baya. A duk muhawarar da ya shiga da fadawa ko alƙalai, ba a taɓa samun damar kore shi da cewa ɗan boko ne wanda bai san addini ba.

Ya yi karatun boko na farko a Bauchi, sannan ya wuce Kwalejin Katsina a ƙarshen shekarun 1920, inda ya yi zamani da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1934 ya tafi Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas, ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga wannan makaranta. Bai daɗe a can ba, amma zaman ya nuna masa wani abu da bai saba gani a gida ba: jaridu masu zaman kansu suna sukar gwamnatin Turawa a fili, ƙungiyoyin 'yan gari suna rubuta takardun koke, kuma sama ba ta faɗo ba.

Da ya dawo Arewa sai ya kama aikin koyarwa a makarantar horar da ma'aikatan tsabta ta Kano, wato masu aikin duba-gari, daga baya aka mai da shi Zariya, ya ci gaba da koyar da ma'aikatan lafiya. Aikin duba-gari aiki ne na kula da abin da jama'a ke ci da sha: rijiya, da mahauta, da kwata, da rumfunan kasuwa. Wanda ya koyar da shi ya san cewa lafiyar talaka tana rataye ne da yadda hukuma ta riƙe amanarta. A Zariya, garin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 a ƙarƙashin editanta Abubakar Imam, Sa'adu ya fara tara 'yan boko a ƙungiyar tattauna al'amuran ƙasa. Ciwon huhu ne ya katse masa aikin gwamnati, ya tilasta masa komawa gida Bauchi, kuma ciwon bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Lardin da ya tarar

Lardin Bauchi na wancan zamani ya haɗa da yankunan Bauchi da Gwambe da Katagum. Masarautar Katagum, wadda Malam Ibrahim Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19 da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta fara zama ne a ƙarƙashin Lardin Kano bayan zuwan Turawa. A 1916 aka mai da hedikwatarta daga tsohon garin Katagum zuwa Azare, sannan a 1926 aka haɗe yankin da Lardin Bauchi, tare da masarautun Misau da Jama'are. Saboda haka duk umarnin da ya fito daga ofishin Razdan a Bauchi, yakan sauka a kan manomin Azare da na Shira da na Gamawa kamar yadda yake sauka a kan na Bauchi.

Tsarin mulkin kuwa shi ne na En'e. Sarki ne hukuma, a ƙarƙashin kulawar Razdan da Di'o. Mai unguwa da dagaci da hakimi su ke tara haraji da jangali, a kai baitulmali, gwamnatin Turawa ta ɗauki kasonta, sauran a biya albashin sarki da ma'aikatansa, a yi ayyukan gari da abin da ya rage. 'Yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari duk suna hannun En'e. Wanda dagaci ya zalunta, hakimi zai kai wa ƙara; wanda hakimi ya zalunta, sai fada. Babu zaɓaɓɓen wakili, babu wata kafa da mai biyan haraji zai ga lissafin baitulmali. Tambaya ma kanta ana iya ɗaukarta rashin kunya, a hukunta mai yin ta.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa wannan nauyi nauyi. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, ƙasar da Turawan ke samun mafi yawan kuzarsu. Sai hankali ya koma kan ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar dubban manoma daga lardunan Arewa, har da na Bauchi, ana kai su haƙar kuza ba da son ransu ba, abin da jama'a suka laƙaba wa suna ɗiban gwamna. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar Hausa suka tsinci kansu cikin sanyin tsaunuka, ga ƙarancin abinci, ga rashin muhalli na kirki. Da yawa sun kamu da cututtuka, wasu sun mutu, wasu sun gudu. Domin ciyar da ma'aikatan kuma, aka riƙa karɓar hatsi daga ƙauyuka a kan farashin da hukuma ta yanka. A kasuwa gishiri da kananzir da tufafi suka yi wuya, suka yi tsada. Manomin gyaɗa ba shi da ta cewa a kan kuɗin da za a saya masa amfaninsa. Ta kowace fuska, talaka ne mai saye da tsada, mai sayarwa da araha.

Ƙungiyar 1943

A cikin wannan hali ne Sa'adu ya samu abokan tafiya a Makarantar Midil ta Bauchi. Akwai Malam Aminu Kano, matashin malami da aka turo garin bayan ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Yahaya Gusau. A 1943 suka kafa ƙungiyar da tarihi ya sani da suna Bauchi General Improvement Union, wato ƙungiyar kyautata rayuwar jama'ar Bauchi. Masana tarihin siyasar Najeriya suna lissafa ta cikin ƙungiyoyin farko na irinta a Arewa.

Ba ta da ofis, ba ta da kuɗi, ba ta neman kujera. Makamanta su ne zama a tattauna, da tattara bayanin abin da ke faruwa a ƙauyuka, da rubutu. Sa'adu da Aminu suka riƙa rubuta wasiƙu da maƙaloli suna sukar aikin tilas da yadda En'e ke aiwatar da shi. Da yake jaridar da ke fitowa a Arewa tana ƙarƙashin idon gwamnati, sai suka karkata ga West African Pilot, jaridar Nnamdi Azikiwe ta Legas. Abin da ake raɗa a zaure ya fito a shafin jarida, ana karanta shi a ofisoshin manyan Turawa.

Hukuma ta bi sawun rubutun har ta gano inda yake fitowa. Babban Di'o na Bauchi, A. J. Knott, ya ga gara a jawo waɗannan malamai kusa a riƙa jin abin da suke faɗa, maimakon a bar su suna aika shi Legas. Ta haka aka samu Majalisar Taɗi ta Bauchi, dandalin muhawara da hukuma ta amince da shi, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa da malaman addini da jami'an Turawa ke haɗuwa a kai a kai. An tattauna tattalin arziki da kiwon lafiya da yaƙi da addini, har da mulkin En'e kansa. A kan wannan batu na ƙarshe ne bambancin halin mutanen ya bayyana. Ɓalewa yana ganin a gyara tsarin a hankali daga ciki. Sa'adu da Aminu suna ganin tsarin ya riga ya ci zamaninsa, kuma ya kauce wa tafarkin da su Shehu suka shimfiɗa. Ko a lokacin da ciwo ya kwantar da Sa'adu, yakan rubuto ra'ayinsa a karanta wa mahalarta.

Tambayar da ta rufe majalisa

Abin da ya kawo ƙarshen Majalisar Taɗi tambaya ce a kan kuɗi. A wani zama, Malam Aminu ya nemi a bayyana ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. Jami'in Bature ya amsa cewa ana duba girman aiki ne da nauyin da ke kan sarkin. Nan take ɓangaren su Sa'adu ya kwatanta albashin Sarkin Bauchi da na Lamiɗon Adamawa, ya nuna lissafin bai yi daidai da ma'aunin da aka ambata ba. Zaman ya watse ba a warware ba, kuma ba a daɗe ba hukuma ta janye hannunta, majalisar ta mutu.

A ido, ƙaramar magana ce. Amma abin da ke ƙarƙashinta babba ne. Albashin sarki daga baitulmali yake fita, baitulmali kuwa gumin mai biyan haraji ne. Wanda ya tambayi yadda ake yanka albashin sarki, ya riga ya ɗauka cewa kuɗin na jama'a ne, kuma jama'a suna da haƙƙin a yi musu bayani. Wannan fahimta ce hukumar wancan lokaci ba ta shirya karɓa ba. Darasi na biyu kuma shi ne wanda su Sa'adu suka koya da kansu: dandalin da hukuma ta buɗe da hannunta, tana iya rufe shi duk ranar da tambaya ta yi mata zafi.

Hujjarsa daga gida take

Abin da ya bambanta Sa'adu da sauran 'yan bokon zamaninsa shi ne inda yake ɗebo hujja. Ya karanta littattafan Turawa a kan dimokuraɗiyya, amma idan zai yi magana da sarakuna sai ya koma ga rubuce-rubucen shugabannin jihadi. Shehu Usmanu ya soki sarakunan Haɓe a kan harajin da shari'a ba ta sani ba, da karɓe-karɓen kasuwa, da ƙwace dukiyar talakawa, da toshiyar baki kafin a ga mai mulki. Abdullahin Gwandu ya yi bayanin wajibcin shawara da sa ido a kan ma'aikata. A fiƙihun da Sa'adu ya tashi a cikinsa akwai babin hisba, wanda ya ɗora wa hukuma duba mudu da sikeli da hana algus da ɓoye kaya. Don haka a wurinsa kare mai saye da mai biyan haraji ba baƙon abu ba ne da aka kwaso daga Ingila. Gado ne da masu riƙe da tutocin Yakubun Bauchi da Malam Zaki na Katagum suka karɓa, kuma ana iya tambayarsu yadda suka yi da shi.

Waƙoƙinsa ma aikin da suka yi ke nan. A waƙar Maraba da Soja ya tari dakarun da suka dawo daga yaƙi, ya mai da maganar kan ma'anar 'yancin da aka ce sun je karewa. A Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ya gargaɗi sarakuna da abin da ya sami takwarorinsu na Indiya bayan 1947, ya nuna musu cewa sarauta ba za ta ɗore ba sai da adalci da ilimi da majalisar wakilan jama'a. Bai kuma kyale talakawa ba: ya soki bidi'o'i da almubazzaranci da zaman jahilci. A zamanin da masu iya karanta jarida ba su da yawa, waƙa ce ke shiga inda takarda ba ta kaiwa.

Daga ƙungiya zuwa jam'iyya

Bayan yaƙi fagen ya faɗaɗa. A 1946 jam'iyyar NCNC ta zagaya ƙasa tana neman goyon baya a kan adawa da tsarin mulkin Gwamna Richards, kuma Sa'adu yana cikin 'yan Arewa ƙalilan da suka fito fili suka mara mata baya. A 1948 ya koma Legas ya zama sakataren jam'iyyar na ƙasa. Da aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a 1949, lokacin tana ƙungiyar al'adu a ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko, an zaɓe shi mai ba ta shawara a kan shari'ar Musulunci.

Ba ya cikin mutum takwas da suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, amma 'yan jam'iyyar sun ɗauke shi uban tafiyarsu ta fuskar aƙida, kuma Malam Aminu, wanda ya ajiye aikin koyarwa a wannan shekara ya rungumi siyasa, bai taɓa ɓoye cewa Sa'adu malaminsa ba ne. A cikin watan Agustan nan dai, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna yana neman a sake duba tsarin En'e a gyara shi. Mutanen da suka zauna a zaure ɗaya a Bauchi sun rabu a hanya, ɗaya ya zama Firayim Minista, ɗaya jagoran adawa, amma dukkansu sun fita da batun da aka fara tattaunawa a 1943. Gyare-gyaren da suka biyo baya, har zuwa dokar En'e ta 1954, sun rage ikon da sarki ke da shi shi kaɗai, sun ƙara wa majalisarsa ƙarfi.

Sa'adu kansa bai riƙe wani babban muƙami ba. Ciwo ya dawo da shi Bauchi, ya shafe shekarunsa na ƙarshe yawanci a kwance, yana rubutu, yana karɓar masu zuwa neman shawara. Ya rasu a watan Janairun 1958, bai cika shekara 45 ba, saura ƙasa da shekara uku Najeriya ta samu 'yancin kai.

Abin da ya bari

Yawancin abubuwan da ya yi jayayya a kansu sun kau. Bayan juyin mulkin 1966 aka raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, ya kawo ƙarshen En'e ɗungurungum. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu, wato Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu.

Kafofin da babu su a zamaninsa kuma yanzu doka ta samar da su. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tun 1975. An kafa majalisar kare haƙƙin masu sayen kaya a 1992, wadda hukumar FCCPC ta gada a ƙarƙashin dokar da aka sa wa hannu a 2019. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukumomin gwamnati a rubuce. Tambayar da ta rufe Majalisar Taɗi, yau doka ce ta halatta yin ta.

Sai dai doka ba ta tambaya da bakinta. Mai sayen hatsi a kasuwar Azare da aka tauye wa mudu, da magidancin da aka kawo wa takardar kuɗin wuta ba tare da mita ba, da manomin Katagum da takin gwamnati bai iso gare shi ba sai bayan damina ta yi nisa, da majinyacin da ya sayi jabun magani, kowannensu shi kaɗai ba ya da murya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da tarihin Malam Sa'adu ya nuna shi ne yadda 'yan mutane kaɗan ke zama murya: su haɗu ba don neman kujera ba, su san lissafin abin da suke magana a kai kafin su buɗe baki, su kafa hujja da abin da jama'arsu suka yarda da shi, su rubuta su ajiye, kuma kada su jingina rayuwar ƙungiyarsu ga alherin hukumar da suke sa wa ido.

An adana wani ɓangare na aikinsa. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya wallafa littafi a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa a 1974, A. M. Yakubu kuma ya tattara rubuce-rubucensa na siyasa da zamantakewa a 1999. Waɗannan wasiƙu da maƙaloli sun cancanci a karanta su a Gadau da Azare kamar yadda ake karanta waƙoƙin, domin a cikinsu ne ake ganin yadda malami marar lafiya, marar dukiya, marar sarauta, ya sa hukumar da ba ta saba ba da amsa ba ta tsaya tana neman abin faɗa.

Allah Ya jiƙan Malam Sa'adu Zungur, Ya sa Aljanna ce makomarsa.